Wankin Ƴaƴan Itace Kafin a Ci: Jagora ga Gidajen Filinge da Ƙasar Kurfai

Da yawa daga cikin mangwaron da ake kasawa a kasuwar Filinge ba a bayan gari aka tsinko shi ba. Daga lambunan Yamai da Gaya yake zuwa, wani ma daga Burkina Faso ko Najeriya. Ya kwana a buhu ko a kwali, ya hau bayan mota, ya biyo ta Baleyara da Bonkuku, tafiyar kilomita wajen 180 daga Yamai kaɗai, kafin a sauke shi a baza a tabarma ko a teburi. Lemu da ayaba da abarba sun fi shi nisan zango, don daga kudu ake hauro da mafi yawansu. Dabino kuwa hamada ya ratso, daga Aljeriya ko daga Kawar. Mai tsinka ya taɓa, mai lodi ya taɓa, dillali ya taɓa, sannan duk mai ciniki da ya tsaya sai ya ɗauka ya latsa ya ji ko ya nuna, ya mayar ya ɗauki wani. A ƙarshe a miƙo wa maigida a leda, yaro ya tarbe shi tun daga zaure ya zari ɗaya, ya goga a riga, ya kai baki.

Gogawar nan tana kawar da ƙurar da ido ke gani, kuma ƙura ita ce ƙaramar matsala. Babbar ita ce ƙwayoyin cuta da ke fitowa daga bayan gidan mutum da kashin dabba: na kwalara, na taifot, na atuni, na ciwon hanta mai sa shawara, da ƙwan tsutsar ciki. Suna hawa ɓawo ta hannun da ba a wanke ba, ta ƙafar ƙuda, ta takin da bai ruɓe ba a lambu, ta ruwan ban-ruwa, har ta ruwan gwangwanin da mai talla ke yayyafawa don kaya su yi sheƙi. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ke kwanciya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su rasu, 125,000 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka auna da yawan jama'a. Mu ma nan ba labari muke ji ba: a 2012 kwalara ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, akasarinsu a jiharmu ta Tilaberi, a garuruwan bakin kogi, sannan a 2021 ta sake kama fiye da 5,000 a faɗin ƙasa. Ruwan sha ne babbar hanyarta, amma abin da aka wanke da wannan ruwa aka ci ɗanye shi ma hanya ce.

Akan ji manya suna cewa cikinmu ya saba. Na babba mai ƙarfi wataƙila ya saba da wasu. Na yaron da aka yaye jiya bai saba da komai ba, haka na mai juna biyu, da tsoho, da yaron da tamowa ta riga ta raunana. Zawon da babba zai yi kwana ɗaya ya warware, shi ne yake zuƙe yaro cikin yini guda.

Akwai kuma ƙazafin da ake yi wa mangwaro duk bazara, wai shi ke kawo zazzaɓi da zawo. Zazzaɓin cizon sauro daga sauro yake, babu ruwan mangwaro. Ɗanye ko wanda aka ci ya wuce kima yana iya ɓata ciki, gaskiya ne, amma sau da yawa laifin na abin da ke bayan ɓawon ne. Ina roƙon iyaye kada su hana yara mangwaro. Yana zuwa ne daidai lokacin da ɗanyen ganye ya yi wuya, kuma yana ɗauke da sinadarin bitamin A mai kare ido da ƙarfafa jiki. A wanke a ba su.

Ruwa tukuna

Ruwan da ba za ki yarda ki sha ba, uwargida, kada ki wanke abin da za a ci ɗanye da shi. Duk sauran bayanin da ke tafe a kan wannan ya tsaya.

Allah ya yi wa kwarin Dallol Boso baiwar ruwa kusa, shi ya sa lambuna ke rayuwa da rani, shi ya sa Bonkuku ta yi suna da dankalin turawa. Sai dai ruwan da ke kusa da hannu yana kusa da ƙazanta. Rijiyar da bakinta ke buɗe, ana ajiye guga da igiya a taɓo inda shanu suka tsaya, ko wadda aka haƙa kusa da masai, ruwanta na iya fitowa garau alhali da cuta a ciki. Ruwan tafki da damina ba a ma maganarsa. Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse sun fi aminci, amma su ma a hanya suke lalacewa: a bidon mai garuwa da aka daɗe ba a wanke cikinsa ba, ko a randar da kowa ke tsoma moɗa har da yatsunsa.

Hanya biyu ce mai sauƙi ta gyara ruwa. Ko a tafasa shi, a bari ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, a sauke a rufe ya huce. Ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs, wadda ake samu a kantin magani da wurin ma'aikatan lafiya. Wadda aka fi sani ƙwaya ɗaya ce ga lita 20 na ruwa mai haske, a jira rabin sa'a, amma a duba jikin takardar don girman ƙwayoyin ya bambanta. Idan ruwan ya yi gurɓi, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye, a tace da farin ƙyalle mai tsabta kafin a sa ƙwayar. Alam da dakakken ƴaƴan zogale suna kwantar da laka sosai, sai dai ba su isa su kashe cuta ba. Bayan su sai an tafasa ko an sa ƙwaya. Bidon da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko mai, ko sau nawa aka wanke shi, ya haramta ga ruwan gida.

A zuba, kada a tsoma

Yawancin gidajen da ke wanke ƴaƴan itace, ga yadda suke yi: a cika roba da ruwa, a juye mangwaro goma a ciki, a jujjuya, a tsame. Na farko ya bar dattinsa a ruwan, na biyu ya ƙara, kafin a kai na goma ruwan ya zama romon ƙurar duk sauran. In guda ɗaya ne ya zo da cuta, to yanzu an raba wa goma. Abin da ke tsabtace ɓawo shi ne murza da hannu, da ruwan da ke kwarara ya tafi da abin da aka murje bai dawo ba.

Ba sai da famfo ba. Buta ta isa. Amma a ware wa wannan aiki butarsa daban, mai launi daban ko a ɗaura mata zare a wuya, a rataye ta a madafa. Butar da ke shiga makewayi ba ta zuwa kusa da abinci ko da an ɗauraye ta, don hannunta da gindinta sun riga sun ɗauki abin da muke gudu.

A fara da hannu: sabulu da ruwa, bayan hannu da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, na kamar daƙiƙa 20. In babu sabulu, toka mai tsabta daga murhu ta fi ruwa zalla. Sannan mutum biyu su haɗu, ɗaya na zubawa a hankali, ɗaya na murzawa, kamar yadda ake zuba wa baƙo ruwan wanke hannu. Aiki ne da yaro ɗan shekara shida zai iya kamawa, kuma yaron da ya saba riƙe buta ba sai an yi masa wa'azin tsabta ba. A ɗauki ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya, a juya a tafin hannu, a murza ko'ina, a dage wa ramin da ya maƙale da reshe don nan datti ke taruwa. A ajiye tasa a ƙasa ta tari ruwan, a kai wa bishiyar tsakar gida. Siririn zubi ake so, ba kwarara ba. Buta guda tana wanke abin da iyali za su ci a zama ɗaya. Na san a ƙauyukan tudu, inda mace ke jan ruwa gaba da yawa ko ta yi tafiya kafin ta cika bido, kowane kofi da lissafinsa. Amma ruwan da za a kashe a wankin zannuwan yaro mai zawo ya ninka wannan sau da dama.

In ba mai zuba miki, a huda ƙaramin bido kusa da wuya da ƙusa mai zafi, a rataye shi a reshe, a riƙa karkata shi. In kuma dole sai roba, to a yi biyu: ta farko ta cire ƙasa, ta biyu ta ɗauraye, a riƙa sauya ruwan da zarar ya canja launi.

Bayan wanki a jera su a faifai ko kwando mai tsabta su tsane, a rufe da wani faifan saboda ƙuda. Kada a goge da bakin zane ko tsumman madafa. Duk wahalar da aka yi nan take za ta koma.

Ga wani abu da mutane kaɗan suka sani. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Filinge ke haura digiri 40, mangwaro yakan iso gida da ɗumi kamar an ɗauko daga rana, sai a jefa shi cikin ruwan randa ya yi sanyi. Ɗan itace mai zafi in ya shiga ruwa mai sanyi, iskar da ke cikinsa tana tsukewa, sai ya zuƙo ruwan ta wajen maƙalin reshe. In ruwan da cuta, ta shige ciki inda wanki ba ya kaiwa. A 1999 mutum 78 sun kamu da ciwon ciki a Amurka, biyu suka mutu, aka bi sawu har wata gona a Barazil inda ake tsoma mangwaro a ruwan zafi sannan a sanyaya shi a ruwan da ba a tsabtace sosai ba. Tumatir ma haka yake yi. Don haka a bar su su huce a inuwa kafin wanki. In ana son su yi sanyi, a wanke tukuna, a sa a tasa mai murfi, a ɗora tasar a kan jiƙaƙƙen yashi kusa da randa.

Kowane da irin wankinsa

Kankana da malo a ƙasa suke kwanciya tun suna fure har su nuna, a kan taki da ruwan ban-ruwa. Mutane na ganin tunda ba a cin ɓawonsu babu buƙatar wanki. Wuƙa ce ke ƙaryata wannan: tana ratsa ɓawo ta kwashi abin da ke kai, ta shafa shi a jan naman da za a ci. A 2011 malo mai ƙaiƙayin baya daga gona ɗaya a jihar Kolorado ta Amurka ya kwantar da mutum 147, 33 suka rasu. A ware sabon soso ko ƙaramin buroshi don wannan aiki kaɗai, a goge bayan kankana da shi ana zuba ruwa, a bari ta tsane, sannan a yanka.

Lemu da ayaba ɓawonsu kariya ce mai kyau, amma hannun da ya ɓare shi ne zai riƙe abin da ke ciki, saboda haka a ɗauraye su su ma. Lemun da mai talla ya fere ya yanke kansa don a tsotsa, farin bayansa ne ke shiga baki, bayan ya sha hannu da wuƙa da ƙurar titi. Gara a sayo da ɓawonsa a fere a gida.

Mangwaro yana da nasa ƙari. Ƙaron da ke tsiyaya daga kansa yana ƙona fata, shi ke sa wa wasu yara ƙuraje da tsagewa a gefen baki. Murza mai kyau tana cire shi. Yaranmu kuma sun fi son su luguiguita shi, su huda kai su tsotse, ma'ana ɓawon kansa yana cikin baki tun daga farko har ƙarshe. Ga ƙaramin yaro a fere a yanka masa.

Gwaba, yalo, tumatir, tuffa da inabi da ɓawonsu ake ci, su suka fi buƙatar kulawa. Inabi a tsinke shi daga reshe a zuba a matsami ko rariya, a yi ta zuba ruwa ana juyawa. Tuffar da ake shigowa da ita sau da yawa an shafe ta da kakin da ke hana ta yamushewa. A murza sosai, ga yara kuma a fere.

Kada a wanke kaya duka ranar da aka sayo a ajiye. Laima na gaggauta ruɓa. A karkaɗe ƙasa, a ajiye a sama a inuwa, nesa da ɗanyen nama da kaji da buhun taki, a wanke wanda za a ci lokacin da za a ci.

Maganar jabel, gishiri da sauransu

Hukumomin abinci na Amurka suna cewa ruwan famfo kaɗai ya isa, kada a sa komai. Sun yi gaskiya a inda suke, don famfonsu da sinadarin kashe cuta yake zuwa. A nan ma, ranar yau da kullum, ruwa mai tsabta da murza sun wadatar. Amma idan an ji kwalara ko zawo ya ɓulla a gari, ko za a ci kayan lambu irin su salati da tumatir da ba a san ruwan da aka ba su ba, ruwan jabel yana da amfani, muddin an auna.

Ga ma'auni ga kwalbar da aka rubuta 8° ko 12° a jikinta: babban cokali ɗaya, wato mililita 15, a bokiti mai lita 10. A fara wanke ƙasa da buta, don datti yana cinye ƙarfin jabel. A tsoma na minti biyar, a tsame, a ɗauraye da ruwan sha. A nan tsomawa ta halatta, saboda ruwan da kansa yana kashe abin da ya faɗa cikinsa. Kowane wanki da sabon haɗi. Jabel mai ƙamshin turare ko wanda aka gauraya da sabulu na wankin ɗaki ne, ba na abinci ba. Farin gari ko tsaki na jabel da ake ƙullawa a leda ya fi na kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba, wannan ma'auni bai shafe shi ba. Jabel ɗin da ya daɗe a rana har warinsa ya gushe ya mutu. Kada a taɓa haɗa jabel da binegar ko lemun tsami, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. Kuma don Allah kada a juye shi a gorar lemo ko ta ruwa a ajiye inda yaro zai kai hannu. Jabel ba ya kashe ƙwan tsutsar ciki. Murza da zubi ne ke kawar da shi, don haka bai maye gurbin buta ba.

Gishiri fa? Masu bincike na cibiyar IWMI mai nazarin ruwa sun gwada hanyoyin wankin ganye da ake bi a biranen Afirka ta Yamma, suka buga sakamakon a 2007. Sun samu ɗan gishirin da ake barbaɗawa a ruwa bai ƙara wani abin kirki ba, binegar kuma sai an zuba da yawa an jira kafin ya yi aiki. Wanda ya sa gishiri a ruwan tafki, ruwan tafki ya yi wanki da shi. Sabulu da omo na hannu ne da wuƙa da faranti. A kan gwaba ko tumatir suna shiga ƙofofin ɓawo su ƙi fita, su ɓata ciki.

Bikarbonat, farin garin da masu kek ke sawa, yana taimakawa wajen maganin feshi. A 2017 masu bincike a Jami'ar Masacusets sun jiƙa tuffa a ruwan da aka sa giram 10 a kowace lita, kusan ƙaramin cokali biyu, suka ga cikin minti 12 zuwa 15 ya cire ragowar magunguna biyu da suka gwada daga saman ɓawo. Wanda ya riga ya shige ciki bai fita ba. Kanwa danginsa ce, amma tana zuwa da ƙasa da wasu gishirai kuma ƙarfinta ba ɗaya ba ne, ban ba da shawarar a musanya ba.

Bayan an yanka

Ɓawo ne garkuwar ɗan itace. Da an yanka, zaƙi da laima sun fito fili, kuma a zafi irin namu ƙwayar cuta na iya ninka kanta duk minti 20. Ƙa'idar masana abinci ita ce abin da aka yanka kada ya wuce sa'a biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa sa'a ɗaya. A Filinge, ban da sanyin hunturu, kusan kullum ƙa'idar sa'a ɗaya ce ke aiki da rana.

Da azumi abin ya fi faruwa. A yanka kankana da gwanda tun la'asar don a rage aiki, su zauna har magariba ƙuda na kai kawo, sannan a zuba su a cikin da ya yini babu komai. A wanke da la'asar, a yanka dab da kiran salla. Wuƙar da ta yanka nama ko kaza ko kifi sai ta sha sabulu kafin ta taɓa kankana, haka katakon yanka da tire. Gidan da ke da firji a sa ragowa a mazubi mai murfi, a saman nama ba a ƙarƙashinsa ba; in wuta ta daɗe da ɗaukewa har cikin firjin ya yi ɗumi, ragowar ta tashi daga abinci. Ƙanƙara kuma ba ta kashe cuta, ajiye ta take yi. Wadda ba a san ruwanta ba a sa ta a bayan mazubi ta sanyaya, kada a fasa ta a ciki.

Kankanar da aka yanka aka jera a tire a bakin tasha, ban ga laifin mai neman halalinsa ba, amma ga yaro da mai ciki gara a haɗa kuɗi a sayi ƙarama sukutum, ko a sa mai kaya ya yanka sabuwa a gaban ido da wuƙar da aka wanke.

Na daji da busassu

Waɗannan su ne ba wanda ke tunanin wankewa, alhali su yaran Kurfai suka fi ci. Magarya, kurna, aduwa, kanya, goriba, da gawasar da ake kawowa daga kudancin kwari, yawanci a ƙasa ake tsintarsu, a gindin bishiyar da awaki da raƙuma ke hutawa, sannan a shanya a ƙasa, a auna da tiya a kasuwa, su ƙare a aljihun ɗan makaranta tare da kuɗi da ƙwallon roba.

Magarya da kurna a bushe su a faifai a fitar da tsakuwa da masu huda, a zuba a rariya a ɗauraye da sauri, a baza a rana a kan tabarma mai tsabta a bisa rumfa har su bushe ƙayau. In da sauran laima aka mayar buhu, fumfuna za ta kama. Goriba da tauri take, ta jure soso, kuma tunda gwaguyarta ake yi kai tsaye ta cancanci wanki fiye da kowa. Aduwa ɓawonta na kare ta in bai fashe ba. Hannun mai ɓarewa ne abin lura. Dabino yana da danƙo, ƙura na manne masa: a ɗauraye wanda za a ci yanzu kaɗai, a tsaga a duba ciki saboda ƙwari. Tsamiya da garin kuka da aya da ake jiƙawa a yi abin sha, ruwan jiƙon shi ne abin da za a sha, don haka dole ya zama tafasasshe ko wanda aka sa wa ƙwaya. Kunun aya kuma ba ya kwana.

Abin da wanki ba ya gyarawa

Wanda jemage, tsuntsu ko ɓera ya gatsa, a jefar, kada a yanke gefen a ba yaro. Fitsari da yawun ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lasa da ke kashe mutane a Najeriya kowane rani, jemagu kuma suna ɗauke da nasu cututtukan. Mai taushi da ya yi fumfuna, saiwarta ta ratsa fiye da inda ido ya tsaya. Wanda ya ɗan bugu kawai, a yanke wurin da faɗi a ci sauran nan take.

Wasu ƴan kasuwa na nunar da mangwaro da ayaba da karbur, dutsen nan na masu walda. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta sha gargaɗi a kansa, don yana zuwa da gurɓin guba irin su arsenik. Alamarsa: baya ya yi rawaya fes, ciki kuwa tauri da tsami, babu ƙamshi, wani lokaci da ɓurɓushin gari mai launin toka. Wanki da ferewa na rage abin da ke sama, amma mafi kyau a ƙi saye. A sayo ɗanye, a rufe shi a ƙwarya tare da nunanniyar ayaba ɗaya, cikin ƴan kwanaki zai nuna da kansa.

Maganin feshi kuwa gyaransa a lambu yake. Ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoman Nijar, ta sha bin kasuwanni tana ƙidaya magungunan da ake sayarwa, tana samun mafi yawansu ba su da amincewar kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance su. Kowane magani na ƙwarai an rubuta a jikinsa kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Ɗan'uwa mai lambu, ka cika kwanakin nan, don wanda ya shiga cikin tumatir ko kankana babu butar da za ta fitar da shi, kuma ƴaƴanka ne farkon masu ci. Piya-piya, maganin ƙwari, ba ta da hurumi a kan abin da za a ci, ko don korar ƙuda ne.

In duk da haka ciki ya ɓaci

Ba zawon ne ke kisa da sauri ba, ƙarewar ruwan jiki ce. A fara ba da ruwan gishiri da sukari tun daga zawon farko: ƙullin da ake bayarwa a likita a narka a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu shi a kusa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan ko yana amai, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a karɓo masa ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Idan zawon ya zama fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini a ciki, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko zazzaɓi ya taso, ko zawon ya wuce kwana uku, a ɗauke shi zuwa likita mafi kusa a wannan sa'ar, ana ba shi ruwan a hanya. Kada a jira gari ya waye.